Ranar da Mama Rifkatu Ta Hau Feda

Jiya da la'asar na ji ɗayanku, ba zan kama suna ba, yana cika wa mai shayi baki wai duk aikin gareji ba abin da ya kai birki sauƙi. Wai ka kwance noti biyu, ka zare tsohuwar masta, ka ɗaura sabuwa, ka zuba mai, shi ke nan. Wai a waya ya gani, wani Bature ya gama kafin shayinsa ya huce. To madalla da Bature. Ku jawo bencin nan ku zauna, wayoyin kuma su koma aljihu. Ni ne Ladan Mai Birki, daga Runjin Sambo har Gawon Nama ba direban da zai ce bai san sunan ba, kuma a ƙarƙashin mota furfurar nan ta same ni. Labarin mota ɗaya zan ba ku, in kun gama ji sai ku koma ku gaya wa mai shayi.

Bari in fara da masta, tunda wasunku sunanta kawai suka sani. Ita ce 'yar tukunyar ƙarfen nan da ke cikin bonet, daidai bayan feda. Ka taka feda, ta tura mai cikin fayif, man ya bi har ƙafafun mota huɗu ya buɗe shu, wato takalman birki, su kama diram, gangar ƙarfen da ke juyawa da taya, mota ta tsaya. Motocin da, masta mai ciki ɗaya aka yi musu. Hanyar mai ɗaya ce ta rabu gida huɗu. Duk inda ya fashe, ko gaba ko baya, man duka ta nan zai tsiyaye, ka taka feda ta tafi ƙasa ba abin da ta kama. Masta mai ciki biyu kuwa ta raba aikin: ƙafafun gaba da hanyarsu, na baya da tasu, kowanne da kofin mansa. In ɗaya ya fashe, ɗayan yana nan. Abin ke nan a baki, kuma a baki ne kaɗai yake da sauƙi.

Ni a feda na fara. Maigidana Baba Cika, Allah ya jiƙansa, garejinsa na gindin wani dogon yaro ne a Gawon Nama. Na daɗe a wurinsa ban taɓa sifana ba sai dai in miƙa. Aikina in zauna a kujerar direba, shi yana kwance ƙarƙashin mota yana cire iska daga birki, yana ba ni umarni. Kalma uku ce. "Taka!" in taka. "Riƙe!" in danne in tsaya, shi kuma ya sassauta ɗan notin cire iska da ke bayan ƙafa, mai da kumfa su fito, feda ta nutse ƙarƙashin ƙafata, ya ɗaure notin. Sannan ya ce, "Saki!" Duk wanda ya ɗaga ƙafa kafin ya ji saki ɗin nan, iskar da aka fitar ta koma ciki, aiki ya dawo sabo. Sai ka ga Baba Cika ya fito daga ƙasan mota da rairayi a gemu yana cewa, "Kai wanga ɗa, wa yac ce ka saki? Ƙahwar taka wuta anka sa mata?" Bai taɓa dukan kowa ba, amma gara duka da kallon da zai yi maka.

Daga hannunsa na gaji kayan da kuke gani a akwatin can. Sifana mai tsagaggen baki, wadda ke rungume notin fayif ba ta cinye masa kusurwa. Ƙarfen buɗa bakin fayif, wanda na hana ku ara wa kowa. Kwalba da ɗan siririn tiyo, don in ga kumfa da idona. Da bais ɗin nan na damƙe ƙarfe da ya girme ku duka. Ba su da yawa. Wanda ya iya aiki ba ya buƙatar kanti guda a bayansa.

Akwai abin da ya kamata ku sani game da garinmu. Sakkwato shimfiɗe take. Ka tashi daga nan ka nufi Illela ko Tambuwal, in birki ya ƙi, ka cire ƙafa daga totur, ka rage giya, ka shiga rairayin gefen hanya, mota za ta gaji ta tsaya da kanta. Shi ya sa muka raina birki. Direba man birkinsa ya ƙare a daji, ya dama garin sabulu da ruwa ya ɗura wa masta, ya iso gida yana dariya. In kuma silindar wata ƙafa ce ke yoyo, sai a kashe ta da ƙusa. A kwance fayif ɗin da ke kai mata mai, a yanke ƙusa a bar kanta da ɗan guntun jiki, a zura a bakin fayif a ɗaure noti a kai. Mai ba zai ƙara wucewa ba, yoyo ya tsaya, ƙafar kuma ta daina kamawa. Duk bakaniken ƙasar nan ya san ƙusar nan. Ana sa ta ne don mota ta kai gida. Matsalar ita ce in ta kai gida ba mai sake tunawa da ita.

Motar da zan ba ku labarinta ta zo ne a shekarar da mai ya yi tashin da ba mu taɓa gani ba. Mutane suka jingine motoci a ƙofar gida suka lulluɓe da tampol. Garejin nan ya zama wurin kwanan awaki. Yaran da ke hannuna a lokacin suka watse, wannan ya koma kabu-kabu, wancan ya karɓi keke yana ja. Ban ga laifinsu ba, ciki ba ya jira. Ni da nake gyaran manyan motoci na koma ɗaure wayar birkin keke, wata rana har injin markaɗe aka kawo mini na duba. Ina zaune a kan wannan bencin da hantsi sai na ji ƙarar inji irin ta da, mai nutsuwa, na ɗaga kai na ga Gimbiya tana shigowa.

Gimbiya mota ce, kada ku ɗauka mutum. Tsohuwar salun ƙirar Faransa, launin madara, giyarta a jikin sitiyari. Mai ita Malam Istifanus, malamin firamare ne da ke zaune a Gidan Dare tun yana saurayi, mutumin ƙasar duwatsu can wajen Filato. Shi ya koya wa ɗiyata Hadiza karatu, da rabin unguwarsu. Tun yana sabon malami ya sayi motar a hannun wani tsohon ma'aikaci, ya raɗa mata suna, ya riƙe ta kamar 'yar fari. Asabar wanki, Lahadi coci. Ko madubinta ba a taɓa canzawa ba.

Matarsa Mama Rifkatu ce ta fara fitowa. Ita hatsi take sayarwa a kasuwa, bakinta ya juye Sakkwatanci har ya fi nawa. Muka gaisa, ta tambayi Hadiza da yaranta, sannan ta gyara mayafi ta ce, "Malam Ladan, rigima munka kawo ma. Malam ya aje aiki, gida za mu koma. Na ce a loda kaya ga babbar mota mu bi ta tasha, ya ce shi ba ya barin Gimbiya. Ni kau ba ni shiga wagga mota."

Malam ya fito yana goge ƙofa da hankici inda ta dafa. Ya ce, "Ladan, ka gaya mata. Birkin motar nan lafiyarsa ƙalau. Duk shekarun da na yi ina tuƙa ta a garin nan ko akuya ban taɓa bugewa ba."

Mama ta ce, "Ga garin nan, awo. Ni ƙarƙashin gangaren garinmu anka haihe ni. Hanya ta sauko daga kan dutse tana lanƙwasa, hagunka bango, damanka kwari. Muna yara cikin kwarin muke tsintar ƙarafan motocin da birkinsu ya tsinke. Na san abin da ke can ƙasa."

Ban goyi bayan kowa ba sai da na buɗe bonet. Masta mai ciki ɗaya, ta asali, an goge ta tana sheƙi. Na ce, "Malam, Mama ta fi mu gaskiya. Birkinka yana kamawa, ban musa ba. Amma hanyar mai ɗaya gare shi. Tiyo ɗaya ya fashe a gangaren da take faɗi, da kaya a sama da ku biyu a ciki, ba abin da ya rage maka sai salati, kai kuma sai addu'arku." Na gaya masa abin da zan yi: in sa mata masta mai ciki biyu, in raba gaba da baya.

Fuskarsa ta canza. Ya ce ba ya son a sa mata abin da ba nata ba. Na ce ba zan huda jikinta ko wuri ɗaya ba, tsohuwar mastar kuma zan wanke ta in naɗe a tsumma in ba shi, duk ranar da ya ga dama a mayar. Ya zagaya motar, ya dawo, ya kalli matarsa da ta harɗe hannuwa. Ya ce ya yarda, amma ba za a kwance noti ɗaya ba sai yana tsaye. Na ce, "Malam, da ma ba ni da yara, ka samu aiki."

Neman mastar kaɗai ya ci mana kwanaki. A nan mai kallon waya yake faɗawa rami. Yana ganin duk masta mai ciki biyu ɗaya ce, in ramin notinta ya hau shi ke nan. Ina! Faɗin cikinta sai ya yi daidai da na tsohuwar. In ya fi faɗi, feda ta yi tauri, tsoho ya taka da dukan ƙarfinsa mota tana tafiya. In ya fi ƙanƙanta, feda ta kai ƙasa kafin shu ya kama. Sannan Gimbiya diram ce gaba da baya, ba faranti irin na motocin yanzu ba, tana son mastar da ke riƙe ɗan matsi a cikin fayif ko an saki feda, in ba haka ba robobin ƙafa su saki jiki iska ta shiga. Na zare fistin tsohuwar, ƙarfen da ke tura mai a cikinta, na sa a aljihu, muka bi shagunan kayan Kwatano da rumfunan 'yan gwangwan, ni da Malam a bayan babur ɗina yana riƙe da hula. Duk wadda aka miƙo sai na buɗe na gwada. Wani mai shago ya ce mini, "Baba, sa wannan kawai, duk ɗaya ne." Na ce masa in duk ɗaya ne ya sa wa motar da ke kai mahaifiyarsa asibiti. A ƙarshe muka samo ta a jikin wata a-kori-kura da aka yanka, ƙanwar Gimbiya ce a ƙira, muka sayo sababbin robobi na zuba mata.

Ramukan notinta ba su hau na jikin mota ba, kuma na yi alkawari ba huji. Na yanka kwali daidai wurin, na kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe ya fitar mini da faranti mai kauri, gefe ɗaya ya hau mota, gefe ɗaya ya karɓi masta. Kaurin farantin ya sa sandar da ke tashi daga feda ta gaza, sai da aka yi wata. Ita ma da nata sharaɗin. In ta yi tsawo ko kaɗan, tana danne fistin ko ba a taka ba, mai ba ya komawa kofi, ka yi tafiya cikin zafin garin nan birki ya kama kansa har diram ya yi hayaƙi. Sai ka bar mata ɗan wasa, kamar kaurin farce, ka ji shi da yatsa a feda kafin ta fara turawa. Na goge, na gwada, na sake gogewa. Malam yana tsugune kusa da ni da fararen kayansa, yana tambaya kamar mai shirin jarrabawa.

Sai rabon hanya. A ƙasan tsohuwar masta akwai mararraba, wani ɗan ƙarfe inda fayif ɗin gaba da na baya suke haɗuwa. In ka bar su haɗe, ka sa masta mai ciki biyu a banza, don man zai sake gamuwa a can. Na cire na bayan daga mararrabar na toshe gurbinsa, na ja masa sabon fayif shi kaɗai har masta. Fayif na ƙarfe, na birki, ba jan ƙarfen masu gyaran firji da wasu ke sawa don yana da daɗin lanƙwasa ba. Wancan girgizar hanya ke tsage shi. Kowane baki na buɗa shi ninki biyu da ƙarfen Baba Cika. Makunnin fitilar birki da ke jikin mararrabar na bar shi inda yake. Tiyon ƙafafun gaba na sa sababbi. Mastar kuma kafin in ɗaura ta sai da na kama ta a bais na cika ta da mai na yi ta turawa da hannu har kumfa ta ƙare, don iskar da ta maƙale a cikinta ba ta fita in tana jikin mota.

Ranar cire iska mutum uku aikin ke so: ɗaya a ƙasa, ɗaya a bonet yana ƙara mai kada kofi ya bushe, ɗaya a feda. Malam ya ce shi ne a bonet, ba mai ɗiga wa fentin Gimbiya man birki. Muna cikin tunanin wa za mu kira sai ga Mama ta sauko daga keke da kwanon abinci. Na ce, "Mama, zo ki hau feda."

Ta ce, "Ni? Tun da anka sayi motag ga ban taɓa zama nan ba."

Na ce ba tuƙi za ta yi ba, kalma uku ce. Na gaya mata su yadda Baba Cika ya gaya mini, na ƙara da cewa ko me ta ji a ƙafarta, ko feda ta nutse har ƙasa, kada ta ɗaga sai ta ji na ce saki. Ta cire takalmi, muka sa mata matashi a baya, ta kama sitiyari da hannu biyu kamar za a ƙwace.

Daga ƙafar da ta fi nisa ake farawa, ta baya ta dama. Na shiga ƙasa na sa tiyo da kwalba. "Taka!" Ta ce, "Na taka." "Riƙe!" Ta ce, "Ina riƙe." Na sassauta noti. Ko ɗigo. Na ɗaure, na ce saki, muka sake. Ba komai. Na koma ta hagu, nan ma a bushe. Mama ta leƙo ta taga ta ce, "Malam Ladan, ka ce za ta nutse. Ba ta motsa ba."

Na bi fayif da hannu har inda yake haɗuwa da tiyon da ke sauka kan gadar baya, wanda ke ciyar da ƙafafun biyu. Na sa sifana na kwance. Wani abu ya faɗo mini a ƙirji. Kan ƙusa ne, ya yi baƙi, da ɗan guntun jikinsa.

Na fito na ɗora a tafin Malam. Ya kalle ta ya kalle ta, sannan ya dafe kai ya ce, "Hanyar Argungu!" Wai shekaru da yawa baya, suna dawowa daga bikin wani abokin aiki, ƙafar baya ta fara yoyo, wani bakanike a bakin hanya ya sa musu ita da saninsa, ya ce in ya isa gida ya gyara. Ya iso, mota tana tsayawa lafiya, makaranta ta buɗe, magana ta shige. Muka yi dariya mu duka uku. Sai dariyar ta tsaya, don kowa ya gane. Duk shekarun nan Gimbiya da ƙafafun gaba kaɗai take tsayawa. Da na ɗaura sabuwar masta na ji feda ta yi tauri na sallame su, kamar yadda Baturen waya zai yi, ran da gaba ya fashe, birkin bayan da aka dogara da shi ƙusa ce a ciki.

Silindar ƙafafun bayan sun ci tsatsa sun ƙame, sai da na jiƙa su na buge fistin ɗin, na goge cikinsu, na sa sababbin robobi da shu da tiyo. Da muka dawo cire iska Mama ba ta jira an kira ta ba, ta cire takalmi ta hau. Wannan karon da na sassauta noti mai ya feso cikin kwalba, ta yi ihu daga sama, "Ta nutse! Ina riƙe!" Muka zagaye ƙafa huɗu. Ban taɓa samun mai feda irinta ba, har cikinku.

Ni ba na sallamar irin wannan aiki sai na kashe rabinsa da gangan. Da safe, hanya ba cunkoso, muka tafi gangaren da ke sauka fadamar Rima, don shi ne ɗan abin da muke da shi mai kama da gangare. Na sassauta notin ƙafar gaba na sa masa tiyo da kwalba na ɗaure, ya zama kamar gaba ya fashe. Malam a sitiyari, ni a gefensa hannuna kan birkin hannu, Mama a baya. Na ce masa, "In rabi ya tafi, feda za ta faɗa ƙasa sosai, za ka ji kamar ba komai. Akwai. Can kusa da ƙasa rabin da ya rage yake. Ka bi ta har can ka danne ka zauna a kai."

Ya ce ya gane. Muka gangara a hankali, na ce taka. Feda ta faɗa. Kafin in rufe baki ƙafarsa ta ɗago, ta koma, ta ɗago, yana bugunta sama-sama da sauri. Abin da tsohuwar masta ta koya wa duk direban da ke nan: in birki ya yi laushi, ka yi ta famfo. A mai ciki biyu kuwa duk ɗagawa sakin bayan ne, kuma bugun sama-sama ba ya kai inda yake kamawa. Mota ta ci gaba da tafiya sai da na ja birkin hannu. Muka hau muka sake, muka sake, ina ƙara mai. Daga baya ya iya, ya danne har ƙasa, Gimbiya ta ja baya ta tsaya cak. Ya yi murna kamar yaron da ya ci jarrabawa. Amma na ga gwiwar tana rawa tana son tashi, kuma da na waiga na ga Mama ma gwiwar take kallo. Na ɗaure noti, muka sake cire iska, na gargaɗe shi ya sauka gangarensu da giya ta biyu. Da za mu rabu Mama ta ce, "Ran tahiya gaba ni ka zama."

Sun tashi wata safiya, rabin Gidan Dare sun fito rakiya, katifa da buhuna a saman mota, tsohuwar masta naɗe a but. Hadiza ta kawo musu soyayyen nama. Suka ce za su kwana a hanya don kada su gajiyar da Gimbiya.

Washegari bayan azahar ina ƙarƙashin wani keke sai waya ta yi ƙara. Malam ne. Muryarsa ba irin wadda na sani ba ce. Ya ce, "Ladan, muna kan gangaren." Na tashi zaune har na buga kai. Ya ce ana gyaran hanyar, an zuba tsakuwa manya, wani dutse ya tashi ya tsinke tiyon ƙafar gaba suna tsakiyar sauka, lanƙwasa a gabansu, kwari a dama. Ya taka, feda ta faɗa. Ya ce, "Wallahi Ladan na san abin da ka koya mini, amma ƙafar da kanta ta taso. Sai Rifkatu ta faɗo kan gwiwata da hannu biyu ta danna ta ƙasa, tana ihu, taka ka riƙe, taka ka riƙe! Baya ya kama. Mun tsaya. Ina ganin ƙasan kwarin ta tagarta."

Na ce, "Alhamdu lillahi. Kowa lafiya?"

Ya ce, "Lafiya. Mutane sun zo sun taimaka. Amma har yanzu tana kan gwiwata. Na ce mata mun tsaya, ta ce Malam Ladan bai ce a saki ba. Don Allah ka yi mata magana."

Na ce, "An sa duwatsu gaban tayoyi?" Ya ce an sa, duka huɗu. "Ka kashe inji, ka sa giyar baya, ka ja birkin hannu?" Ya ce ya yi. Na ce ya kara mata wayar a kunne. Ina jin numfashinta, sama-sama, kamar wadda ta yi gudu.

Na ce, "Mama, Ladan na."

Ta ce, "Ina riƙe."

Na ce, "Na sani, Mama. Aiki ya yi. Saki."

Sannan na ji ta fashe da kuka, Malam yana cewa, "Ya isa, Rifkatu, ya isa, ga gida can." Ni ma na zauna a ƙasa cikin baƙin mai na share ido da bayan hannu, mai keke yana tsaye a kaina yana tambaya ko rasuwa aka yi.

Ƙusar tana cikin akwatin Baba Cika, duk mai son gani ya buɗe. Yanzu ku tashi, ga motar Alhaji can tana jiran a cire mata iska. Kai mai labari wurin mai shayi, ba ni wayar nan in riƙe maka. Cire takalmi ka hau feda, kuma kada in ga gwiwar nan ta motsa sai ka ji daga bakina.